Turken Yaya Delbert

Yayana Delbert Haugen direban motar share dusar ƙanƙara ne a ƙauyenmu, can arewacin Minnesota. Ya fara gudu ne bayan rasuwar matarsa, don gidan ya yi masa faɗi. Da hunturu sai ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ja kayan kwanansa a bayansa a tseren mil ɗari da talatin da biyar cikin daji, cikin sanyin da ke daskarar da gashin ido. A can ya baro yatsun ƙafa biyu. Da bazara kuma sai mu nufi Kwarin Mutuwa a California, wani tsere mai tsawo daidai da na hunturun, inda ake bin farin layin titi don kada kwalta ta narkar da takalmi. Ni Marlys, autarsu, ni nake binsa da mota, ina fesa masa ruwa kamar mai ban ruwan tumatir.

Sau goma sha tara ya shiga tseren zafin nan, sau goma sha tara ya gama. Wannan shi ne ya zame masa jaraba. Aka liƙa hotonsa a gidan abincin gari, aka sa wa wani burodi da nama sunansa. Ko mai ya je sha sai an ce, "Del, saura ɗaya ka cika ashirin!" Shi kuwa sai murmushi. Ni kaɗai na san yana shiga ɗakin wanki ya saka bututun injin busar da kaya a fuskarsa, yana gudu a wuri ɗaya don jiki ya saba da zafi, ya fito yana amai. Shekararsa sittin da uku fa, jama'a!

A tseren akwai doka. Kowane mai gudu ana ba shi ɗan turke na katako da lambarsa a jiki. In jiki ya ƙi, sai ya kafa shi a gefen titi, a kai shi ya huta, ya dawo daidai wurin ya ci gaba. In an tumɓuke turken an kai wa masu shirya tseren, to ya janye ke nan.

Da safen da za a fara, muna loda ƙanƙara a mota, ya ce, "Auta, zan roƙe ki abu."

"In kuɗin mai ne, Yaya, babu."

Bai yi dariya ba. "Na gaji, Marlys. Shekara biyar ke nan ba na son abin nan. In kika ga na kafa turke, ki ajiye ni, ki koma ki tumɓuke. Kada ki tambaye ni. In kin tambaya zan ce a'a, na san halina."

Tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Tsohon banza, me ya hana ka faɗa tuntuni? An gama."

Washegari da azahar, wajen mil casa'in, ya tsaya. Leɓɓansa sun yi fari, yana tafiya a karkace. Ya karɓi turken ya buga shi da dutse. Na kai shi wani masauki da ke gaba, na kunna masa na'urar sanyi, na cire masa takalmi. Wallahi rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun matarsa na raye. Ya yi barci baki buɗe.

Na koma ni kaɗai. Ga turken nan, lamba arba'in da ɗaya. Na sunkuya ke nan sai wata mota ta tsaya, wata mata daga masu lura da tsere ta leƙo.

"Na Delbert ne wannan? Kai, ba na ko damuwa da shi. Kullum yana dawowa. Mun ma sa an yi masa kek na ashirin, yana can yana jira. Ke ce ƙanwar, ko? Ai rabin ladan naki ne!"

Ta wuce ta bar ni a sunkuye. Abin kunya zan faɗa: daɗi na ji. Shekara goma sha tara ina dakon ƙanƙara, ina wanke safa mai jini, hutuna duk a titin nan ya ƙare. Na tuna hoton gidan abinci, ni ma ina ciki a gefe, riƙe da kwalbar feshi. Na ce a raina, mil arba'in da biyar ne fa kawai suka rage. Na kama turken, ya yi zafi, na sake shi. Ƙarya nake, ba zafin ba ne ya sa.

Da na buɗe ƙofar ɗakin yana zaune a bakin gado, ya yi wanka, ya saka rigar gida da silifa. Bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

Na fara cewa, "Yaya, ai na ga kamar in ka ɗan huta..."

Ya ɗaga min hannu. Ya cire silifan ya jera su a gefe, ya jawo takalmin gudun, ya tura ƙafar nan mai yatsu uku a ciki a hankali.

Ya ce, "Cika min kwalbar da ƙanƙara, Auta."