Ranar da "go ahead" ta shigar da ni ruwa

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa motar wani furoje, wato aikin raya karkara, a Mayahi, aka ce in kai wata likitar dabbobi 'yar Gana zuwa garin Gidan Amumune. Faransancinta kaɗan ne, ni kuma Ingilishina tun a kwalej na baro shi. Amma da maigidana ya tambaye ni ko ina ji, sai na ce ina ji sarai.

Damina ce, an sha ruwa. Muka iso wani kwari muka tarar ya cika, jan ruwa yana gudu da rassan itace. Na taka birki. Wani dattijo mai amalanken shanu da ke jira a bakin ruwan ya matso ya ce, "Yaro, kada ka shiga. Bari ya sauka tukuna."

Zan buɗe baki in tambayi likitar ke nan, sai na ji ta ce daga baya, "Go ahead." Ta kuma maimaita.

Ma'anar da na tuna daga lakkwal, wato makaranta, ita ce, wuce gaba. Ban so ba, amma ita ce babba. Na yi bisimilla na shiga.

Muna tsakiya mota ta mutu. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ina jin bayan motar yana zamewa a hankali. Na waiwaya, sai na ga abin sauraren waya a kunnenta, ƙarƙashin kallabi. Ashe da mijinta take magana. Ta riƙe kujera gam.

Dattijon ya kwance shanunsa, ya shigo ruwa har ƙugu da igiya, ya ɗaura wa motar don shanun su ja ta. "Riƙe sitiyari," in ji shi, "kada wanda ya buɗe ƙofa." Wasu matafiya da ke bakin ruwan suka kama masa. Igiya tana ƙara kamar za ta tsinke, ni kuwa salati kawai nake yi, har na ji tayoyi sun kama ƙasa.

Da muka huce, ta yi mini bayani da guntun Faransancinta. Kalmar tana nufin wuce, tana nufin na ba ka izini, tana kuma nufin ci gaba da magana, ina jin ka. Wannan na ƙarshen take faɗa wa mijinta.

Dattijon yana matse wandonsa ya ce, "Ni na yi maka Hausa ba ka ji ba. Ita ta yi Turanci, ka ji."

Har yau in damina ta kai ni kwarin nan, sai na jira ruwa ya sauka tukuna. Kuma duk wanda ya ce mini in wuce, ko da wane harshe, sai na fara tambaya: da ni ake?