Wanda Ya Toshe Wa Sumar Iska

Sumar kafinta ne, amma ban taɓa ganin ya yi kujera ba. Tun muna samari aikinsa ɗaya ne, mang, wato bututun kama iska da ake kafawa a saman gida. Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwarmu ta Haidarabad ya san yadda suke tsaye a kan soraye, bakinsu a buɗe yana kallon kudu maso yamma, suna jiran iskar da ke tasowa bayan la'asar su kama ta su zuba cikin ɗaki. Sumar ne ke gyara musu murfi, ya sake igiya, ya miƙe wanda ya karkace. Yakan hau soro ya lasa yatsa ya ɗaga sama, ya yi tsit kamar mai sauraron kiran salla daga nesa, sannan ya ce a ɗan juya bakin. Nakan ce masa yatsan nan ya fi kansa ilimi. Shi kuma ya ce ni ko binne ni aka yi, kyanwoyi za su nuna wa mutane kabarina.

Ni ne Jumman, mai sayar da kifi. Tare muka shiga firamare da Sumar, tare muka bar ta ba mu gama ba, shi ya bi ubansa soro, ni na bi nawa bakin kogi. Gidana ne iska ke fara samu, sai wani tsohon gida gajere a tsakani, sai nasa. Daga sorona ina hango shi a nasa. In na samo kifin palla mai kyau nakan ɗaga masa shi sama, ya ɗaga mini hannu biyu, kafin magariba ya iso da gurasa mai zafi a ƙunshe cikin mayafi.

Mutum ne siriri, mai tari saboda ƙurar katako, mai son shayi da sukari har cokali ya kusa tsayawa a ciki. Ba ya iya ciniki. In ya gama aiki aka tambaye shi nawa ne, sai ya hau kallon ƙafarsa, har matarsa Hajran ta koma ita ke bin sa tana faɗin kuɗin aikin. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ƙanwarsa ta rasu ta bar ɗa, Dildar, sai suka ɗauko shi, ya girma a ɗakin da Sumar ya fi ji da shi, wanda mang ɗinsa ke sauke iska daidai kan gado.

Akwai abin da kowa ya sani a unguwarmu. Iska ta kowa ce, wanda ta fara isa gidansa amana ce a hannunsa. In za ka ƙara bene, sai ka je ka gaya wa na bayanka, ka ɗaga masa mang ɗinsa da aljihunka har ya leƙo saman gininka. Ba ka ƙona shara a soro, ba ka shanya abu mai wari. Shi ya sa duk tsawon rayuwata can bakin kogi nake shanya kifi, duk da nisa da ciwon gwiwa, alhali ga soro fili a kaina.

Da fanka ta zo, daga baya injin sanyaya ɗaki ya biyo ta, mutane suka fara rushe mang suna zuba siminti a ramin. Aikin Sumar ya ragu. Ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Sai dai ya je ya roƙi tsohon murfin ya kawo gida, har tsakar gidansa ta cika da su, Hajran tana faɗa wai ta auri mutum ya mayar da ita mai gadin katako. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, ɗakinsa ne majalisa. Tsofaffi su zo su baje a tabarma, shi yana dafa shayi yana jin daɗi kamar shi ya halicci iskar.

Dildar ya girma ya shiga harkar gini, ya yi ƙiba, ya sayi mota. Shi ya sayi gajeren gidan da ke tsakaninmu. Ina zaune ranar da ya zo da sabon ajrak, mayafinmu na gargajiya mai zane, ya yafa wa Sumar a kafaɗa, ya sunkuya ya taɓa ƙafarsa. Ya ce bene zai yi mai hawa shida, amma kada Kawu ya damu, ya san al'ada, ai a ƙarƙashin mang ɗin nan ya yi wayo. Da zarar an gama zai kai masa bakin mang ɗinsa har sama. Sumar ya yi ta murna, har ya zana masa yadda za a bi da ramin iskar ta jikin bango.

Gini ya tashi. Ta ɓangarena aka yi manyan tagogi da baranda da tukwanen fure, aka kafa allo a ƙofa wai gidaje ne masu shan iska irin na kakanni. Ta ɓangaren Sumar kuwa bango ne kawai ba taga, a jikinsa aka jera injinan sanyaya ɗaki masu fitar da zafi, a ƙasa aka ajiye janareta, bututun hayaƙinsa yana kallon bakin mang ɗin mutumin da ya raine shi.

Damina ta wuce, sanyi ya wuce, zafi ya dawo. Kullum Dildar na cewa wata mai zuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Sumar bai daina jan igiyarsa ba. Da la'asar ta yi sai ya tashi ya buɗe murfi, yadda ubansa ya yi, yadda kakansa ya yi, hucin injina ya sauko masa a ka. Na roƙe shi ya rufe, Hajran ta roƙe shi, na yi masa faɗa har na kira shi jaki.

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya kira ni Ada, wato ɗan'uwa a yarenmu, ya ce, "Ada Jumman, in na rufe, na yarda ke nan yaron ƙarya ya yi mini. Bari dai mu ga watan nan."

A tsakiyar zafin bara aka ɗauke wuta tun safe, janareta ya yi ta ruri. Hajran ta tafi duba 'yar'uwarta da ba ta da lafiya. Sumar ya yi sallar la'asar, ya ja igiya, ya kwanta. Da ta dawo ta tarar da ɗakin kamar tanderun gurasa, warin man dizal ya cika shi. Ni na ɗauko shi na fito da shi tsakar gida. Bai fi nauyin kwandon kifi ba. Likita ya ce zafi ne da raunin ƙirji suka kashe shi. Ban yi musu da shi ba, amma na san hannun da ya hura zafin.

Abokina, ɗan'uwana. Har yau in na samo palla mai kyau sai hannuna ya fara ɗagawa kafin in tuna.

Dildar ya zo zaman makoki da fararen kaya, ya yi kuka a kan tabarma, ya aiko da tukwanen shinkafa. Tun ba a naɗe tabarmin ba ya keɓe da Hajran ya ce mata gidan nan ba shi da lafiya, ta sayar masa, zai ba ta ɗaki a sama. Ta ce daga nan aka fitar da mijinta, daga nan za a fitar da ita. Ta rufe murfin, ta ci gaba da kwana a ɗakin da ba iska, tana ramewa a gaban idona. Na ga in na yi shiru, ko dai ya kore ta da zafi ko in sake ɗaukar gawa.

Na je na same shi a ofishinsa. Ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Ya ce, "Baba Jumman, zamanin katako ya wuce. Kawu ma da ya ji magana da yana nan."

Ban sha lemon ba. Washegari na kwashe shimfiɗun shanyar kifina daga bakin kogi na hau da su sorona.

Ba kifin kirki na shanya ba. Ƙananan da ake sayar wa masu abincin kaji na tara, da hanji, da kawunan jatan lande, duk abin da 'yan kasuwa ke neman wanda zai zubar musu. In ya fara bushewa in yayyafa masa ruwa. Hawa uku na sama ba a sayar ba tukuna, kuma na san Dildar bayan la'asar yake kawo masu saye, don su tsaya a baranda su ji iska. Nakan zauna a soro da shayina in jira su. Su fito suna murmushi, iskar ta taso, sai ka ga mace ta ja gyale ta toshe hanci, mijin ya hau waige-waige. Ni kuma in ɗaga musu hannu in gaishe su da kyau. Akwai iyalai a hawan ƙasa da ba su yi mini komai ba, suka rufe tagoginsu suka yi ta tsine mini. Na ji tausayin yaransu, amma ban sauke ko kan kifi ɗaya ba.

Surukata, matar ɗana da muke gida ɗaya, ta daina yi mini magana. Dattawan unguwa suka zo suka ce, Jumman, kai ne fa a gaban iska, ka san abin da ke kanka. Na ce na sani, su fara zuwa wurin wanda ya soma karyawa, in sun dawo ina nan. Babu wanda ya sake zuwa. Wani cikinsu ma da safe ya aiko mini da bokitin hanji.

Dildar ya aiko da barazana, ya aiko da roƙo, daga ƙarshe ya hawo da kansa, yana haki, hankici a hanci.

Ya ce, "Baba, me kake so? Faɗi, a yi."

Na ce, "Cire ƙyallen nan tukuna. Kawunka da hanci buɗe ya shaƙi naka."

Ya cire. Na bar shi ya tsaya a cikin ƙudaje har idonsa ya kawo ruwa, sannan na gaya masa. Janareta da injina su bar bangon nan. A gina mang a saman beninsa, a sauko da raminsa har ɗakin Hajran yadda Sumar ya zana. Kuma ya zo gaban dattawa ya faɗa da bakinsa cewa ya yi alkawari ya saɓa. Ya ce aikin zai ci masa ɗaki guda a kowane hawa. Na ce kifi bai ƙare a kogi ba.

Biyun farko ya yi su, da gaggawa ma. Na ukun ya zo ya tsaya yana gunguni a cikin gemu, babu wanda ya ji abin da ya ce, dattawa suka yi maza suka shafa fatiha don a rabu. Ni ban shafa ba. Na yi niyyar kifina ya kwana a soro har sai ya faɗa yadda kurma zai ji.

Ranar da aka gama, Hajran ta aiko in zo. Ta ja igiyar. Iska ta sauko, ta ɗaga gefen zanin gado, ta taɓa mata gashi. Ta rufe ido. Can sai na ga hancinta ya motsa, nawa ma ya gaya mini. Iskar da sabon mang ya kama, ta kan sorona ta biyo.

Ta ce, "Ada, warinka ya iso."

Na ce, "Adi, 'yar'uwata, bai faɗi laifinsa ba fa."

Ta ce, "Na sani. Amma ni zan kwana a nan."

A ranar na sauke komai, na wanke soron da toka da ruwan zafi, gwiwata na ƙara. Na koma bakin kogi da shanyata. Dildar ya sayar da sauran ɗakunansa. In mun haɗu a hanya yakan rage tafiyar mota ya yi sallama, in amsa don ta Allah ce, in tofar da yawu in wuce. Ya aiko a tambaye ni ko na yafe. Na ce ya bari ya tambayi Sumar ranar da za su haɗu, zan tsaya kusa in ji amsar.