Kulsum da Golan Walde

Kulsum mai fura ce a bakin filin ƙwallo na Maiyama. Daga rugarsu da ke bayan Mungadi take ɗauko ƙwarya duk ranar wasa, ta zauna gindin darbejiya, bayanta ga fili. Ba ta kallon ƙwallo. Mutane sun ɗauka ba ta da sha'awa ne, alhali ɗanta ne a raga.

Safwan ɗan farinta ne. Kamar yadda aka yi wa uwarta, aka yi wa kakarta, ana yaye shi aka miƙa wa goggonsa Uwani a Sabon Garin Jega. Mahaifinsa ya rasu, Kulsum ta sake aure ta koma Mungadi. Can Jega yaron ya tashi da Hausa zalla, Fulatancinsa bai wuce gaisuwa ba. Ita kuwa ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan". Haka kunyar ɗan fari take, kuma ba ta taɓa ganin aibinta ba.

Ƙungiyar Walde ta 'ya'yan rugage ce, daga Maiyama har Aliero. Makiyaya suka haɗa ta da kuɗin maruƙansu, don sun gaji da jin sunan Fulani a rediyo sai in an yi ɓarna. Tana biyan albashi, tana buga gasar jiha, kuma dokarta ɗaya: ba mai sa rigarta sai ɗan ruga. Safwan ya zo gwaji ya kama raga, ba wanda ya kusa da shi. Yakan tsaya wurin Kulsum bayan wasa, ya kira ta Adda, kamar wata yayarsa.

"Adda, a dama mini."

Ta dama, ta ƙara masa nono fiye da na kowa, ta miƙa tana kallon wani wuri.

Ana gab da wasan da zai iya haye da su gasar ƙasa, sai Kalilu, wanda ɗansa ke zaman benci a bayan Safwan, ya tayar da magana. Ya ce yaron Bahaushen Jega ne, an shigo da shi ta bayan gida. Shugaban ƙungiya, Junaidu, mutumin Aliero ne, bai san dangin Mungadi ba. Ya kira Safwan gaban jama'a.

"Kai ɗan wace ruga na?"

"Ga uwata can," in ji Safwan, ya nuna gindin darbejiya.

Kalilu ya yi dariya. "Uwa? Ko fura taka ba ka bashi? To, a tambaye ta."

Suka zo suka tsaya kanta, har da surukinta da ƙannen mijinta.

"Inna, wanga yaro ɗanki na?" Junaidu ya tambaya.

Kalma ɗaya ake nema. Kulsum ta ga idon surukinta, ta ga na Safwan. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ɗauki ƙwaryarta ta bar wurin. Dattawan da suka gane abin da ya faru su ma kunya ta hana su tsoma baki a gabanta. Kalilu ya san haka za a yi, shi ya sa ya ce a tambaye ta. A ranar aka karɓe rigar daga hannun Safwan.

Daga baya goggo Uwani ta zo ta yi ta faɗa, Junaidu ya ba da haƙuri, ya aika a kira yaron. Safwan ya ce a gaida su. Walde ta sha kashi a wancan wasa, shi kuma ya koma wata ƙungiya a Jega.

Matan ruga suka yaba wa Kulsum, wai ta cika Bafulatana. Yabon ya fi zagi yi mata ciwo. Ta san ba al'ada kaɗai ta rufe mata baki ba, har da tsoron abin da za a ce da ita a bakin rijiya.

Da damina ta wuce, ƙungiyar Jega ta zo Maiyama. Kulsum ta juya tabarmarta ta fuskanci fili. Da aka tashi, ta ga ɗanta yana nufar mota da safar hannu a kafaɗa. Ta miƙe a gaban kowa.

"Safwan!"

Matan da ke kusa suka riƙe baki. Shi bai waiwayo ba. Ba fushi ba ne, masu kiran sunansa a filin suna da yawa, kuma bai san yadda yake fita a bakinta ba. Motar ta tashi, furar da ta dama masa tana hannunta.