Tabon da Na Yi wa Kaina da Tumfafiya

Yau idan mutum ya tsaya bakin hanyar ƙauyenmu, tsakanin Tasawa da Kona, ba zai iya ƙirga 'yan kabu-kabun da ke wucewa kafin azahar ba, kuma ko akuya ba ta ɗaga kai ta dube su. A lokacin da nake ɗan shekara goma, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, mota ɗaya ce ke zuwa mana, ranar Laraba, sau biyu a wata. Na tuna Larabar farko. Ana tsakiyar noma, hatsi ya kai gwiwa, muka jefar da hauyoyinmu muka bi ta da gudu, muna tsammanin za ta tsaya ƙofar gidan mai gari kamar kowane baƙo mai daraja. Ta wuce ƙofar mai gari, ta wuce masallaci, ta wuce gidanmu, ta je ta tsaya gindin tsamiyar ƙarshen gari, inda bukkokin kutare uku suke. 'Yan mishan ne. Wata Baturiya likita ta fito, wadda muka riƙa kira Madamu, tare da wani Bahaushe Kirista daga wajen Katsina, Malam Ayuba, mai wa'azinsu.

A ɗaya daga cikin bukkokin nan abokina Ilu yake, ɗan Baba Nomau kuturu. Na ce abokina, amma a daji kawai. Can wajen kiwon awaki tare muke haƙar gafiya, mu gasa fara, mu yi langa har ƙafa ta gaji. Da mun hango rumbunan gari sai ya ja baya, ni in yi gaba, kuma ba wanda ya taɓa koya mana haka da baki. Gugansu daban yake, sai kowa ya gama ɗiba su matso rijiya. Idan Inna za ta ba su fura, daga sama take zubawa a ƙwaryarsu don kada ludayi ya taɓa. Ni kuwa ɗan mai sayar da goro ne, ina da riga biyu, ana kai ni lakwal, wato makarantar boko. Ban taɓa tunanin akwai abin da Ilu zai samu in rasa ba.

Tsarin Larabar bai canzawa. Malam Ayuba ya fara da waƙa, ya buɗe wani ƙyalle mai hotuna ya yi wa'azi a kan Isa Almasihu, sannan Madamu ta wanke gyambuna, ta raba ƙwayoyi. Mu yaran gari muna tsaye daga nesa muna kallo. Da idona na ga Malam Ayuba ya karɓi ƙwaryar Baba Nomau ya kafa kai ya sha, ya goge baki ya ce furar ta yi tsami daidai. Da aka ga wani fari-farin tabo a bayan Ilu, aka sa shi cikin masu shan magani. Aka ba shi takalman taya, aka ba shi garin madara, Madamu tana dafa kansa tana kiran sunansa. Ni ko kallona ba ta taɓa yi ba. Duk wannan da na jure, amma sai aka ba shi littafi. A lakwal mushe, malaminmu, na dukanmu in ya ji Hausa a bakinmu, ina ta fama da Faransancin da ban san kansa ba, ga Ilu kafin kaka yana zaune kan tushen kalgo yana karanta maganar da muke yi da bakinmu, kalma bayan kalma, awaki na kiwo gefensa. Na roƙe shi in riƙe littafin, ya ce an hana shi ba da aro. Ranar nan tuwo bai shiga cikina ba.

Sai na yi dabara. Na tsinki ganyen tumfafiya na shafa farin ruwansa a damtsena kwana uku a jere har wurin ya ƙone ya yi ɓawo, na bi shi da toka. Ranar Laraba na gudu daga lakwal na shiga layin kutare. Madamu ta dubi hannun, ta dube ni, ta ɗauko 'yar auduga. Tabon kuturta ba ya jin taɓi, wannan na sani daga Ilu. Ta ce in rufe ido, in na ji an taɓa ni in faɗa. Na rufe. Auduga ta sauka kan tabon, na ce, "Ban ji ba." Ta sauka a wuyana, na ce, "Ban ji ba." Ta sauka a kan hancina, nan take na sake cewa ban ji ba. Sai na ji dariya ta ɓarke, irin wadda ban taɓa ji daga bukkokin nan ba. Baba Nomau yana tafa dungulmin hannuwansa yana cewa, "Kai, ɗan mai goro! Mu muna neman hanyar fita, kai kana neman ta shiga?" Malam Ayuba ya ce, "Ɗan samari, gode wa Allah, lafiyarka ƙalau. In karatu kake so, zauna, ba sai da kuturta ba." Da a ce na zauna, da shi ke nan. Amma na waiwaya na ga Ilu ya rufe baki da littafinsa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Na juya na bar wurin.

Na isa gida Baba yana yayyafa wa goro ruwa. Kafin ya tambaye ni abin da ya sami hannuna na riga shi. Na ce masa 'yan mishan ba su ba kowa magani sai ya faɗi kalmominsu, kuma sun riga sun mai da Ilu Kirista, yanzu yaran gari suke nema. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce. Sau da yawa na ga wanda ya makara, bai ji ko baiti ɗaya na waƙar ba, Madamu ta miƙa masa ƙwayarsa. Har na taɓa jin su biyun suna gardama a kan haka bayan mota, da Hausa, domin ita ce kaɗai harshen da suka haɗa. Ita tana cewa mai gyambo ba a sa shi jira, shi yana cewa gyambon da ke cikin zuciya ya fi na ƙafa zurfi.

Baba ya kai maganar wurin mai gari. Larabar da motar ta dawo, mai gari ya tara dattawa da liman a ƙofar gidansa, aka kira baƙin. Baba Nomau ya tsaya can nesa da tabarmi, inda irinsa ke tsayawa. Da aka tambaye shi ya ce, "Ranka ya daɗe, maganin na haɗiye, maganar na saurara, sallata kuma ina yi. Shekara nawa ina garin nan, wane ne a cikinku ya taɓa sa baki a ƙwaryata?" Amma maganar ba ta taimake shi ba. Mai gari mutum ne mai son sulhu. Ya ce su ci gaba da kawo magani, su bar wa'azi a mota. Madamu ta buɗe baki za ta amsa, Malam Ayuba ya riga ta. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, abu biyu aka damƙa mini. Ba zan miƙa wa mutum ɗaya in ɓoye ɗaya a aljihu ba, alhali wanda na ɓoye shi na fi ɗauka da daraja." Liman ya ce wannan dai bai yi munafunci ba. Mai gari ya ce to, mota kada ta ƙara tsayawa a ƙasarsa. Ina laɓe bayan darni, hannuna ɗaure da tsumma, kuma abin da na ji a raina daɗi ne. Ba zan ɓoye ba.

Motar ta koma tsayawa a wani ƙauye mai nisan rabin yini. Baba Nomau ya gwada zuwa sau biyu, ƙafafunsa suka fashe. Magani kuwa na shekaru ne, ba a yanke shi. Da aka gama yankan hatsi suka ɗora tukwanensu a amalanken shanu, su da sauran gidajen biyu, suka nufi asibitin 'yan mishan da ke wajen Maraɗi. Ilu ya zo ƙofar gidanmu, ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya ce a gaya mini ya bar mini tarkonsa a gindin kalgo. Ban fito ba.

Bayan haka na yi yawon duniya. Na yi fatauci a Kano da Abijan, na yi karatu a Khartum, na yi aiki a tashar jirgin ruwa ta Marsai a Faransa. Na ji gardamar nan ta bayan mota da Faransanci, na ji ta da Turanci, na ji ta da Larabci a bakin 'yan'uwana Musulmi masu haƙa rijiya su gina masallaci kusa da ita. Ko'ina masu bayarwa ne ke gardamar. Mai karɓa ba a cika tambayarsa ba, shi kuwa yakan san abin da zai haɗiye da abin da zai bari. Har yau ban iya yanke wa Madamu da Malam Ayuba hukunci ba. Ita ta fi tausayi, shi ya fi gaskiyar baki, kuma dukansu sun taɓa mutanen da mu muka ƙi taɓawa.

Ilu na ji ya warke sarai, ya zama ma'aikacin asibiti. Wasu sun ce ya shiga addininsu, wasu sun ce sun gan shi a sahun Juma'a. Ban bincika ba. Abin da ke ci mini rai, tsofai-tsofai da ni, shi ne na iya rubuta harsuna uku kafin in iya rubuta nawa, sai da na haura arba'in, shi kuwa ɗan kuturu ya riga ni da shekara talatin. Bukkokin uku damina biyu ta cinye su, aka shuka gujiya a wurin. Tun daga wannan kakar ba a sake samun kuturu a garinmu ba, kuma ba warkar da su muka yi ba, tashi suka yi.