Ɗakin Bayan Tasha

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma ne, ranar Laraba, a tashar Konni. Na san lokacin daidai don agogon da Baba ya saya mini da na ci jarrabawar bak ta kammala sakandare yana hannuna, kuma a kwanakin nan ban iya minti biyar ban dube shi ba. A daidai lokacin ne na rufe ƙaramin littafina na mayar cikin jaka, ban yi tambaya ko ɗaya ba.

Sati biyu na yi a garinmu Tsarnawa ina tsara tambayoyin nan, tun da aka ce na samu gurbi a jami'a a Yamai amma ba ɗaki a gidan ɗalibai. Ƙofar tana da makulli? Mai gidan yana zaune a ciki? Akwai famfo kusa? Su wane ne maƙwabta? An taɓa shiga sata? Na rubuta, na goge, na sake rubutawa da jan biro.

Wanda zan yi wa tambayoyin shi ne Alhaji, dillalin albasa, abokin Baba tun suna yara. Shekara ashirin yana Yamai. A yankinmu duk wanda ɗansa zai tafi birni, hannun Alhaji ake danƙa shi, a haɗa da buhun gero ko na wake, shi kuma ya samo masauki. Ba a tambayarsa. Tambaya tamkar ka ce ba ka yarda da shi ba ne.

A tashar ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Na samo ma ɗiyarka ɗaki mai arha, unguwa lahiya lau. Ko kaza ba ta ɓacewa."

Baba ya yi ta godiya. Na buɗe littafin, Alhaji ya dube ni ya yi dariya.

"Malama, har an hwara karatun tun nan?"

Kunya ta rufe ni. Na rufe littafin.

Ɗakin yana bayan wata tashar manyan motoci, can gefen gari. Arha kam yana da ita. Gidan ba ƙyaure a zaure, mai shi yana wata unguwa, masu haya kuma yau ka ga wannan gobe ka ga wancan. Ƙofata tana da kwaɗo, sai dai katakon da aka kafa shi gara ta cinye. Da farce ma ana iya zare ƙusoshin. Na gani tun ranar farko. Na ce a raina babba ne ya zaɓa, ya fi ni sanin gari.

Wata biyar na yi lafiya. Wata Juma'a, mutane suna masallaci ni kuma ina ɗakin karatu, aka zare ƙusoshin aka ɗauke akwatina na ƙarfe. Tufafi da bargon Inna ba su dame ni ba. A cikinsa ne duk littattafaina suke, da darussan wata biyar da na kwafe da hannuna, kowane shafi da lambarsa.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin gidan ta same ni zaune a ƙasa. Ta ce, "Ke ma ta Alhajin albasa ce ko? Ke ce ta huɗu. Duk wanda ya kawo ɗakin nan sai an kwashe shi. Na faɗa masa, ya ce ina ruwana."

Bayan kwana tara na sayi tsire a bakin tasha, aka naɗe mini a takarda. Rubutuna ne. Shafi na arba'in da ɗaya, mai ya jiƙa shi. Ban ci naman ba. Na tsaya nan ina karanta darasina har mai tsiren ya ce ko lafiya.

Na faɗi jarrabawar farko, da ƙyar na haye a ta biyu da littattafan aro. Da na dawo hutu na kwashe komai na gaya wa Baba, har maganar tsohuwar. Ya ce, "Ƙaddara ce. Alhaji bai sani ba, da ya sani bai kai ki." Wannan ta fi satar yi mini ciwo. Daga ranar nan abu ɗaya nake so a duniya: Baba ya ji daga bakin Alhaji cewa ya sani.

Ni ba mai faɗa ba ce, ko murya ban iya ɗagawa. Amma ni ce mai rubuta wa mutane wasiƙa a unguwarmu tun ina lakwal, wato makarantar firamare. Kuma na san abin da ke faruwa da wasiƙa in ta isa Yamai: Alhaji bai iya karatu ba, sai ya miƙa wa duk wanda ke kusa a rumfarsa ya karanta da ƙarfi, gaban ƴan kasuwa da masu dako.

Na farkon da ya zo in rubuta masa wasiƙa zuwa ga Alhaji wani dattijo ne daga Tajaye, ɗan'uwan Inna, ɗansa zai shiga babbar sakandare ta lise a Yamai. Ya faɗi gaisuwa na rubuta, ya faɗi buƙata na rubuta. Sai na ce, "Kawu, in sa a tambaya ko ƙofar tana da makulli?"

"Sa mana, ɗiyata."

"In sa ko ɗakin bayan tasha ne? Da sau nawa ɓarayi suka shiga?"

Ya dube ni. "Sa."

Ban taɓa ƙara kalma ba da izinin mai wasiƙa ba, ban kuma rubuta ƙarya ba. Tambaya kawai. Na yi harufan manya manya don kada mai karatu ya yi tuntuɓe. Hutun nan wasiƙa shida na rubuta, har da ta wasu mutanen Badaguishiri da suka ji labari a kasuwa. Direban da ke kai su ya dawo yana riƙe ciki don dariya. Ya ce yanzu in Alhaji ya doso rumfa, masu dako sai su haɗa baki: "Alhaji, sau nawa?" Na sa ya maimaita mini har sau biyu. Daren nan na ci tuwo har da ƙari. Buhunan da aka saba aika masa kuwa, bana ko ɗaya bai hau mota ba.

Kafin kaka Alhaji ya zo Tsarnawa gaisuwar rasuwa. Da hantsi ya biyo gidanmu, ya ƙi zama kan tabarma. Ina jinsa daga tsakar gida.

"Ɗiyarka ta zubda min mutunci cikin kasuwa! Wanga shi ne boko?"

Baba ya kira ni. Na fito na durƙusa.

"Ba Alhaji haƙuri," in ji Baba.

"Zan ba shi, Baba. Tambaya ɗaya gare ni." Muryata ta fito siririya, amma ta fito. "Baba Alhaji, sa'ad da ka kai ni, ka san an kwashe mutum uku a ɗakin kafin ni?"

"Ke, tashi!" Baba ya daka mini tsawa. Ban tashi ba. Ya juya wajen abokinsa yana jira ya ƙaryata ni, ya daɗe yana jira.

Alhaji ya kakkaɓe hannun rigarsa, ya dubi Baba, ba ni ba.

"Na sani mana. Ɗakin kirki guda gare ni, na ba ɗan wani mai kanti. Ita ɗiya mace ce, ga ta shiru shiru. Ni cewa na yi ko wata biyu ba ta kaiwa za ta dawo maka gida."