Madarar Ranar Asabar

Duk Asabar nakan hau babur daga Daura in je gaida kakata ta wajen uwa, a ƙauyensu da ke bayan Zango. Shanunta uku ne, kuma a wurinta babu ciwon da madararsu ba ta magani. Da ta ga aikin ofis ya ramar da ni, barci ma ya gagare ni, sai ta yanke hukunci: ƙwarya guda, da ɗuminta, tun kafin in zauna.

Sauran jikoki sukan shanye su lashe baki su wuce gona. Ni kuwa, ko Zango ba na kaiwa cikina ya fara kiɗa. Babu gonar dawar da ke kan hanyar nan da ban san cikinta ba. Likita ya ce jikin wasu ba ya narkar da madara, gado ne, maganinsa kawai a daina sha. Shi dai ya faɗi nasa, bai san tsohuwar ba. Tsorona ɗaya, kada ta ce boko ya sa na raina abin hannunta, don wannan zai yi mata ciwo sosai.

Sai na koma azumin nafila, kowace Asabar. A mako na uku ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida, yaushe ka zama waliyyi ban sani ba? Ga maiƙon ƙosai nan a bakinka."

Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, har da gonakin dawar. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata. Can sai ta fashe da dariya, har hawaye suka zubo, kuma da dariyar ta tsaya hawayen ba su tsaya ba.

Ta ce, "Haka kakanka yake. Ina amarya ya yi shekara guda yana sha don kunya, yana zagayawa bayan rumbu." Ya rasu tun ba a haife ni ba. "Duk zuriyar nan cikina suka ɗauko. Na ɗauka ya tafi bai bar mini komai nasa ba."

Ta tashi da ƙyar, ta hana kowa taya ta, ta dama kunun gyaɗa, wanda rabonta da shi tun rasuwarsa. Ta shimfiɗa mini tabarma a gindin bangon ɗakinta.

"Matso nan," in ji ta. "A nan yake sha."