Baba Tsaya da Wayar Kafinta

Ƙarfe takwas saura kwata yake ɗaga ƙyauren shago. Kafin ya zauna sai ya goge akwatin gilashi, ya jera wayoyi, sannan ya bi 'yan takardun da ke gaban kowacce, masu bayanin batir da ram da kyamara, ya kife su. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai miƙa wa ƙaninsa makulli, don idanu sun fara yi masa gardama.

Kife takardun nan ya daɗe yana ɗaure mini kai, tunda sauran masu shago ɗaga nasu suke yi, har da jan layi. Ban iya tunkararsa ba, sai na tambayi telan da ke maƙwabtaka da shi.

"Ba ɓoyewa yake ba, 'yata," in ji tela. "Sai ya gama karanta tsohuwar wayar mutum yake buɗe su."

Nan ya samo sunansa. Duk wanda ya nuna waya da yatsa, sai ya ce, "Tsaya tukuna, ba ni tsohuwar." Ya juya ta, ya leƙa ramin caji, ya danna baya ya ji ko batir ya kumbura. Wani mai babur ya taɓa zuwa neman mai babbar kyamara, Baba Tsaya ya fitar da shi tsakiyar rana da wayoyi biyu, ya ce, "Wacce kake iya karantawa ba ka kare da hannu ba?" Ita ya ɗauka, kuma har yau in ya wuce sai ya yi hon.

Amma abin da 'yan layin suka fi tunawa shi ne zuwan Auta. Mahaifinta kafinta ne, kurma, karatunsa kuma bai yi nisa ba. Tun tana goye, da alamun hannu suke hira. Ga shi ta sami gurbin karatun jinya a gari mai nisa, saura kwana huɗu ta tafi. In waya ba ta nuna hannu da kyau ba, shekara uku za su yi ba hira. Ta riga ta raya a ranta cewa gara ta haƙura da karatun, ba ta dai faɗa wa kowa ba.

Su uku suka zo, ita da mahaifinta da yayanta. Yayanta ya yi mako yana kwatanta wayoyi, har da jadawali a takarda.

"Baba, mun gama bincike," in ji shi. "Waccan baƙar za ka ba mu. Megafiksil ɗari da takwas, ram takwas."

"Sannu da aiki, injiniya. Hoton wa za a ɗauka?"

"Ba hoto ba, kiran bidiyo za su riƙa yi."

"To, ɗari da takwas ɗin nan a bayan waya take. Da ƙeya babanku yake magana?"

Auta ta rufe baki da mayafi. Baba Tsaya ya karɓi tsohuwar wayar kafinta, ya hura ramin caji, garin katako ya tashi. Ya tambayi Auta yadda hasken shagon mahaifinta yake.

"Taga ɗaya ce, Baba, sai ƙwan fitila ɗaya."

Sai ya ɗauki wayoyi uku ya ja kafinta zuwa ɗakin ajiya na baya, inda haske bai fi haka ba. Ya jingina su a kan kwali, ya ce Auta ta tsaya a bakin titi a kira ta da kowacce.

Baƙar aka fara. Fuskar mahaifinta ta fito fes, amma yana ɗaga hannu yatsun suka narke kamar hayaƙi. Idan wadda ta fi kowacce a takarda haka take, ina sauran? Ta biyu ta kama yatsu, sai dai idonta ƙunci gare shi, ta yanke hannun hagu daga gwiwa.

"Rabin magana ke nan," Auta ta ɗaga murya.

Ta ukun wata toka-toka ce da yayan bai ma sa a jadawalinsa ba. Kafinta ya fara a hankali, sannan ya saki hannu da sauri irin na gida. Auta ta bi yatsun da kallo. Can ta fashe da dariya, ido cike da ƙwalla.

"Me ya ce?" in ji yayan.

"Wai tun safe bakinka bai huta ba, shi da ba ya ji ma ya gaji."

Baba Tsaya bai tsaya nan ba. Ya jefa wayar a aljihun kafinta, ya sa aka kira, don a gane ko girgizarta ta isa mai aiki ya ji a jikinsa. Ya bar ta a kan kira rabin awa yana taɓa bayanta, ko za ta yi zafi ta fara sarƙewa. Sai bayan nan ya buɗe takardun, ya jawo yayan kusa.

"Ba laifinka ba ne, manyan lambobi suke rubutawa da babban baƙi. Dubi 'yar lambar nan ta kyamarar gaba. In ta yi ƙasa, idon ya fi buɗewa, haske ya fi shiga. Ita ce ta babanku."

Yayan ya karɓi biro ya rubuta. Ranar Asabar Auta ta tafi makaranta.

Baba, kai ne mai gwada waya a jikin mai ita kafin ka gwada ta a takarda. Kai ne ba ka taɓa kunyata mai tambaya ba, ko da ka tsokane shi. Ban san ko akwai makarantar da ake koyar da irin wannan ba. Na bincika, ban samu ba. Mun gode, Allah ya ƙara wa idanun nan lafiya, ya sa hutu ya karɓe ka. Masu shago na layin nan da na sauran wurare, don Allah ku zauna da shi kafin wata ya ƙare, ku ga yadda ake yi.

Shekaranjiya da kafinta ya ji labarin hutun, ya zo shagon da wayar a hannu, Auta a kan kiran bidiyo sanye da farar riga. Ya jingina ta a kan gilashi ya yi magana mai tsawo da hannu.

"Baba, wai ya gode," in ji Auta. "Sauran kuma ƙarata yake kawo maka, wai na rame ba na cin abinci. Da ka ba shi baƙar nan da ban ga ƙarar ba, balle in fassara maka."